FILIN MANOMA: Tumfafiya, Magani Ce Ko Dafi?

Duk wanda ya fita ta Ƙofar Na'isa ko Ƙofar Ɗan Agundi ya bi gindin tsohuwar ganuwa, ko ya zaga bayan Goron Dutse, ba zai rasa ganin tumfafiya ba. Ba wanda ya shuka ta, ba kuwa mai ba ta ruwa, amma da rani tsaka sai ka gan ta kore shar. Ta fi son kufai da bakin hanya da ƙasar da ta gaji. Saboda haka manomin da ya ga ta yawaita a gonarsa, to, ya sani ƙasar nan tana neman taki.

Amfaninta ba kaɗan ba ne. Ana murza igiya da ɓawonta, ana cusa matashi da audugar 'ya'yanta. Wajen magani kuwa, tun kaka da kakanni a kan gasa ganyen a ɗora a gaɓar da ta kumbura. Waɗansu su kan ɗiga farin ruwanta a makero, ko a harbin kunama, ko a ramin haƙori. Fulanin ƙasar Ilori da ganyenta su ke daskarar da madara, su dafa, su sami cukun nan da Yarbawa ke kira wara.

To, mene ne a cikin wannan farin ruwa? Masana sun tace shi sun sami abubuwa iri biyu. Na farko wani sinadari ne mai narkar da tsoka, shi ne ke daskarar da madara, shi ne kuma ke ƙona fata. Na biyu su ne masu taɓa zuciya, babbansu ana ce da shi kalotirofin. Aikinsa irin na maganin zuciyar nan ne digoksin, wanda a ke samu daga wani fure da Likita William Withering na Ingila ya rubuta littafi a kan irinsa a 1785. Ɗan kaɗan daga cikin irin waɗannan ya kan ƙara wa zuciya ƙarfin bugawa. In ya zarce kima sai amai da zawo, zuciya ta rikice, har ta tsaya. Ai tumfafiya da ƙwanƙwani, wanda maharba ke dafin kibiya da shi, dangi ɗaya ne.

Wani zai ce, ai sai a sha kaɗan. Bari mu ba ku labarin abin da ya sami Turawa. A ƙasarsu akwai wani ɗan itace mai rawayan fure, Ingilishi suna kiransa da sunan tsintsiya, don da rassansa su ke shara a da. A 1851 wani masani, John Stenhouse, ya fitar da wani sinadari daga cikinsa mai suna sifartin. Likitoci suka yi ta ba da shi don daidaita bugun zuciya da kuma tayar da naƙuda. Sai a shekarun 1970 aka gane cewa mutum 5 zuwa 10 cikin kowane 100 na Turawa hantarsu ba ta iya sarrafa shi da sauri, watau awon da ya yi wa wani daidai sai ya taru a jikinsu ya zama guba. Yau an daina tayar da naƙuda da shi. To, in maganin da aka auna a ma'aunin likita ya yi haka, ina ga wanda aka auna da ludayi? Ga shi kuwa ƙarfin tumfafiya ba ɗaya ba ne, ya kan bambanta daga wuri zuwa wuri, daga rani zuwa damina.

Saboda haka ga abin da za a kiyaye:

1. Kada a sha ruwan tumfafiya, kada a ba yaro. Mai ciki da mai ciwon zuciya su nisance ta ɗungum. In ka sayi sassaƙe ko gari a Kasuwar Kurmi, tambayi mai shi abin da ya haɗa.

2. A tsare ido. Ɗigo ɗaya ya isa ya kumbura fatar ƙwayar ido, gani ya dushe. Sau da yawa ba zafi sosai, shi ya sa mutane ke sakaci. A wanke nan take da ruwa mai tsabta, a yi ta kwarara har minti 15, sa'an nan a tafi asibiti, ko na Murtala da ke cikin birni, ko Asibitin Ido na ECWA a Sabon Gari. Kada a ɗiga nono ko tozali.

3. Mai sharar gona in zai sare ta ya kau da fuska, kada ya share gumi da hannu sai ya wanke da sabulu.

4. Awaki su kan tsinci furenta da busasshen ganye da bazara. Amma kada a sassabo ɗanya a zuba wa dabbar da ke ɗaure da yunwa, gama ta kan kashe tumaki.

Ba mu ce a ƙone tumfafiya ba, tana da ranarta. A dai san inda a ke kai ta. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.