Darasi: Garkuwar da ke cikin jikin dabba da yadda ake auna ta

Idan ka fasa goro ka ajiye, jim kaɗan sai ya sauya launi. Fartanya ma in ta kwana a raɓa, tsatsa take yi. Irin wannan ci yana faruwa a jikin saniya da tunkiya, cikin ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Zafin bazara, doguwar tafiya neman ruwa, tsutsar ciki da ɗaukar ciki duk suna ƙara shi.

Allah ya yi wa jiki garkuwa. Akwai sinadarin gulutatiyon da jiki ke haɗawa da kansa, akwai kuma bitamin A da E, waɗanda tushensu ɗanyen ganye ne.

Yaya masana ke auna ta?

A ɗakin bincike ana ɗibar ƙwayoyin jini, a sa musu wani rini da ke manne wa gulutatiyon. Sai a haska su da wata fitila ta musamman ƙarƙashin madubin likita. Ƙwayar da garkuwarta ke da yawa takan yi haske shuɗi, wadda ta gaji kuwa sai ta fito dishi-dishi. Kwamfuta ke auna ƙarfin hasken.

Mu kuma a ruga?

Ba mu da wannan na'ura, amma dabba na nuna alama. Hanta na ajiye bitamin A na ƴan watanni bayan damina. Idan ya ƙare, sai ka ga dundumi da magariba, ido na hawaye, gashi ya bushe, ɓari, ko a haifi maraƙi raunana.

Abin yi

1. A shanya harawa a inuwa, a rufe ta. Rana na cinye bitamin ɗinta. Wadda ta riƙe korenta ta fi.
2. A tattala gawo. Ƙasar Dungas da Magarya na da arzikinsa, kuma yana da ganye da rani. A tara ƴaƴansa, a yi sassabe kaɗan, kada a kwashe rassan duka.
3. A fara ciyar da masu ciki da masu shayarwa.
4. A tanadi inuwa, a shayar da safe da yamma.
5. A ba da maganin tsutsa bisa shawarar likitan dabbobi.
6. Kada a yi allurar bitamin mai haɗe da seleniyom da ka. In ta yi yawa, guba ce.

A taron ƙungiya mai zuwa, kowa ya zo da ɗan damin harawarsa mu gwada launi, mu ga wace irin ajiya ta fi.