Darasi a Kan Kiwo: Cikar Ciki Ba Ƙoshi Ba Ne

Yawancinmu manoma ne, kusan kowane gida kuwa yana da akuya ko tunkiya, wasu har da shanun noma. Mun sha ganin saniya ta wuni cikin ciyawa a watan Janairu, ta komo cikinta a cike, amma haƙarƙarinta a waje. Wani lokaci mu kan tarar da ita tana tauna tsohon ƙashi ko tana lasar ƙasa. Darasinmu na wannan wata a kan dalilin haka ne.

Jikin dabba yana bukatar waɗansu sinadarai na ƙasa, ko da yake kaɗan ne. Manyansu su ne fosfaras da kalsiyam, masu gina ƙashi da nono, sai gishiri, da ɗan jan ƙarfe domin jini da gashi. Ciyawa ba ta ƙirƙiro ko ɗaya daga cikinsu. Abin da saiwarta ta samu a ƙasa, shi ta kan kai wa ganye. Saboda haka gambar da ta tsiro a jigawa dabam take da gambar bakin fadama, ko da iri ɗaya ce.

Ƙasarmu ta tudu tsohuwa ce, ruwan sama ya daɗe yana wanke ta, fosfaras kuwa ya yi ƙaranci a cikinta. A jar ƙasa mai tsami abin ya fi tsanani, gama ƙarfen da ya ba ta wannan launi ya kan kama fosfaras ya riƙe, saiwa ba ta iya ƙwatarsa. Fadama ta fi albarka, amma ita ma da nata: inda ruwa ke kwanciya, ciyawa ta kan kwashi wani sinadari da ake kira molibdinam, wanda ke hana jikin dabba amfani da jan ƙarfe. Alamarsa ita ce baƙin gashi ya koɗe ya yi ja-ja, tare da zawo.

Sai dai abin da ya fi ƙasa tasiri, a ganinmu, shi ne shekarun ciyawar kanta. Da farkon damina, sa'ad da gamba da kyasuwa ke toho, ganye ne zalla, mai taushi, cike da abinci. Da zarar ta yi kara ta fid da kai, sai ta soma tura fosfaras zuwa iri da saiwa, tana tanadi domin baɗi. Iri ya zube, ganye ya kakkaɓe, rana da raɓa su gama da sauran. Abin da ke tsaye a daji da rani, sau da yawa bai ƙunshi ko rabin fosfaras ɗin da saniya mai shayarwa ke bukata ba. Sai jikinta ya ranto daga ƙashinta. Daga nan nono ya ragu, gaɓoɓi su sage, ta yi shekara biyu ko fiye ba ta ɗauki ciki ba, mai ita kuwa yana zargin maita ko mugun ido.

Wajen shekarar 1919, a Afirka ta Kudu, wani likitan dabbobi mai suna Arnold Theiler ya binciki wata cuta da ke shanye shanu ta kashe su. Ya gano cewa ƙarancin fosfaras a ciyawa ne ke sa su kwaɗayin ƙasusuwan mushe, a cikin mushen kuma suke haɗiyar guba. Da aka ba su garin ƙashi, suka daina. A yau ƙasashe da yawa sun hana ba shanu garin ƙashi saboda cutar haukar shanu, ana amfani da dutsen lasa mai fosfaras a maimakonsa.

Gishiri kuwa, yawancin ciyayinmu ba su tara shi, a kowane lokaci na shekara. Kakanninmu sun san wannan, shi ya sa suke jiƙa wa dabbobi kanwa, makiyayan Nijar kuma su kan kora garkunansu zuwa Ingal a ƙarshen damina domin ƙasa da ruwa masu gishiri. Amma mu lura, kanwa gishiri take bayarwa, ba ta maganin ƙarancin fosfaras.

Takin zamani ma yana bukatar hankali. Yuriya kaɗai ta kan sa ciyawa ta yi tsawo ta yi kore shar, alhali ɗan fosfaras ɗin da ke ƙasa ya rarrabu cikin ganye mai yawa. Takin sufa ko kashin dabbobi ne ke ƙara shi. Ƙonan daji kuma ya kan kawo ɗan toho mai daɗi na 'yan makonni, amma naitirojin da sulfa sun riga sun tafi cikin hayaƙi.

To, me za mu yi? Mu yanki ingirici tun ciyawa tana fid da kai, wajen watan Satumba, mu shanya kwana biyu ko uku, mu ɗaure mu ajiye a inuwa. Kada mu sayar da harawar wake da ta gyaɗa duka da kaka, gama kalsiyam ɗinsu ya ninka na ciyawa. Dusa da ƙulin auduga suna da fosfaras sosai. Idan ba su isa kowa ba, a fara ba masu ciki da masu shayarwa, sa'an nan shanun noma kafin ruwan shuka.