Lungun Unguwa Na Waye?

Darasinmu na wannan makon a kan rigimar iyaka ne tsakanin maƙwabta, musamman rigimar lungu.

Yawanci ba da katanga ake farawa ba. Wani zai fitar da dakali a ƙofar gidansa. Na gabansa ya gani, shi ma ya haƙa shadda a bakin hanya. Na gefe ya karkato indararonsa, ruwan damina ya riƙa cin ginin maƙwabci. Kowa na cewa ai ɗan kaɗan ne. To mu yi lissafi. Idan faɗin lungu mita 3 ne, na dama ya ci rabin mita, na hagu ya ci rabin mita, saura mita 2. Motar kashe gobara ba za ta shiga ba. Ran da aka yi rasuwa kuma masu ɗaukar makara sai sun yi ta karkacewa kafin su fita.

Wannan rigima ba yau ta fara ba. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya yi hukuncin a bar wa hanya zira'i bakwai idan an yi saɓani a kanta. Wato mita 3 da 'yan kai. A gona kuwa iyayenmu kan dasa gamba ko bini-da-zugu a kan iyaka. Matsalar ita ce ana iya tuge shuka, dattawan da suka shaida rabon kuma suna rasuwa.

A Najeriya, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sa filayen kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Shi ya sa takardar mallaka da turakun siminti da masu safiyo ke kafawa suka fi "kakana ne ya nuna mini" ƙarfi. Idan aka saɓa, wajen mai unguwa ake fara zuwa, sai dagaci, sai hakimi. Kotu ce ƙarshe, kuma tana cin kuɗi da lokaci.

Abin da ya fi damunmu, mu yara ake jawowa ciki. A hana mu wasa da 'ya'yan gidan can, a hana mu ɗebo ruwa a rijiyarsu, ko tuwon sallah a daina aike mu da shi. Alhali da safe benci ɗaya muke zama da su a aji, wani lokacin ma littafi ɗaya muke dubawa.