Masu Tallafa Wa Binciken Ciwon Mantuwa

Wannan tambaya daga Moriki ta fito, a ƙaramar hukumar Zurmi ta jihar Zamfara. Wani mai sauraronmu ya ce ƙanensa ya kammala digiri na uku a kimiyyar ƙwaƙwalwa, shin akwai masu ɗaukar nauyin matashin da ke son binciken ciwon mantuwa da na karkarwa?

Akwai, malam. Kuɗi ne ake bai wa sabon mai bincike na 'yan shekaru, ya riƙe kansa, ya sayi kayan gwaji, yana aiki ƙarƙashin gogaggen malami. Ƙungiyar Alzheimer's Association ta Amurka tana bayarwa. Cibiyar GBHI kuma, mai mazauni a San Faransisko da Dublin, horon shekara guda take yi, har ga waɗanda ba likitoci ba.

Ɗan Arewa ma ya taka wannan hanya. Dokta Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar Yobe, ya yi binciken cutar Alzheimer, mai kawo ciwon mantuwa, a Jami'ar Sussex ta Ingila, sannan ya assasa cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu a 2021.

Kuma muna buƙatar irinsu. Tsohuwa ta idar da sallah ta sake tayarwa, ta kira jikanta da sunan marigayi mijinta, sai mu ce gigin tsufa ne ko sammu, alhali sau da yawa ƙwayoyin ƙwaƙwalwarta ne ke mutuwa sannu a hankali.

Ka faɗa wa ƙanen naka, masu tantancewa sukan duba binciken da ya wallafa da malamin da zai tsaya masa. Ya nema ta shafukan ƙungiyoyin da kansu a intanet, kada ya biya kowane dillali ko kwabo.