Darasin Lafiya: Gyambon da Ya Ƙi Warkewa

Manoma da masunta na fadamar Haɗejiya, a kula. Tsohon gyambo ko tabon ƙuna yana iya rikiɗewa ya zama ciwon daji na fata. Zabiya kuwa, zafin rana ke jawo masa.

Akwai man shafawa na asibiti, kamar Efudix da Aldara. Masana suna ta gwada sababbi. Amma suna aiki ne idan ciwon yana sama-sama, kuma likita ya rubuta. Wanda ya yi zurfi sai tiyata. Maganin masu talla yana iya busar da sama, ciwon yana ci ta ƙasa.

Idan gyambo ya wuce wata ɗaya, a garzaya Babban Asibitin Haɗejiya.

Tambaya: Yaushe man shafawa yake amfani?