Aikin Wata Uku Ya Salwanta a Dare Ɗaya Saboda ZBrush na Kirak

Ranar Talatar da ta wuce, bayan la'asar, wani matashi ya shigo shagona a nan Jalingo rungume da laftof, mahaifinsa na biye da shi. Shekarunsa ba za su wuce 20 ba. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ce, "Malam, don Allah ka duba mini, fayilolina duk sun ƙi buɗewa."

Ina kunnawa gabana ya faɗi. Kowane fayil an maƙala masa wasu baƙaƙe huɗu a wutsiya, kowace folda kuma an ajiye mata 'yar takarda da Turanci: a biya dala 980, ko 490 in an biya cikin awa 72. Masu tsaron kwamfuta suna kiran wannan cuta STOP/Djvu, kuma babbar ƙofar da take shigowa ita ce manhajar kirak, wato wadda aka fasa don a yi aiki da ita ba lasisi. Filashinsa yana jikin na'urar a daren, shi ma bai tsira ba. Na gwada manhajar buɗewa ta kamfanin Emsisoft, wadda takan ceto wasu, ta nuna cewa makullin nasa yana hannun ɓarayin. Dattijon ya gyara zama ya ce, "Malam, ko nawa ne kuɗin gyaran a faɗa mini." Ban taɓa jin nauyin baki irin na ranar ba. Na ce, "Baba, sai dai haƙuri. Na'urar za ta gyaru, amma aikin ya tafi. Kada kuma a tura wa mutanen nan ko sisi, babu tabbacin za su ba da makullin."

Da hankalinsu ya ɗan kwanta na ji asalin labarin. Baban manomi ne daga wajen Mutum Biyu. Masarar da ya noma ya sayar, ya saya wa yaron laftof na hannu mai RAM giga 4, ya biya masa kuɗin koyo a wata cibiya a cikin gari. Mai koyarwar ya loda masa ZBrush da Maya da 3ds Max da Cinema 4D, duka na kirak, ya kashe masa Windows Defender, ya ja masa kunne kada ya kuskura ya sake kunna shi. Da yaron ya tambayi Blender, sai ya ce masa wannan na yara ne, manya ZBrush suke yi.

Yaron yana da hannu, wannan na shaida, domin na ga hotunan da suka rage a wayarsa. Har wani kafinta a Sabon Gari ya ba shi aiki da kafin alƙalami: adon ƙofofin gida, dagi a tsakiya da furanni a gefe, za a aika Kano a yanka da injin CNC. Nan ne abin ya fi ƙona mini rai. Dagi layuka ne masu ratsa juna da awo. A Blender ka ja lanƙwasarka, ka ba ta kauri, ka sa madubi, ka saita milimita, kafin isha'i ka fitar da fayil ɗin STL. Shi kuwa da yake ZBrush kaɗai aka koya masa, ya zauna yana sassaƙa dagi da buroshi kamar mai gina tukunya, yana ta ƙara wa DynaMesh ƙarfi har foligon suka kai miliyoyi, na'urar tana sumewa. Sau biyu mai injin yana dawo da aikin: bakin layukan ya karkace, girman bai yi daidai da ƙofa ba. Yaron ya ɗauka tsufan manhajar ne matsalar. Ya sayi datar dare ya sauke wai sabon ZBrush daga wani shafi. Da gari ya waye, ƙofofin kafinta da duk abin da ya tara cikin wata uku sun kulle.

Wanda ya karɓi kuɗin masarar manomi ya koya wa ɗansa kashe kariyar kwamfuta, macuci ne, ko da allon sunan cibiyarsa ya kai faɗin ƙofar gareji.

Ba ZBrush nake zagi ba, ina aiki da shi kuma ina biyan kuɗinsa. Tun da kamfanin Pixologic ya fito da shi a 1999 babu wanda ya kama ƙafarsa a sassaƙa mai laushi: tamojin fata, saƙar tufafi, zanen jikin ƙwarya. Yana ɗaukar foligon miliyan da dama ba tare da ya dogara da katin girafik ba, ga ZRemesher da Decimation Master suna rage wahala. Amma bayan da kamfanin Maxon na Jamus ya saye shi, an koma biyan haya da kuɗin waje, wata-wata ko shekara-shekara. In aikinka bai kai ya biya wannan hayar ba, to lokacinka da shi bai yi ba tukuna. Kuma ko ka biya, ba shi ne gwanin abu mai awo ba. Ƙofa, kujera, tambari, kofin gasa, waɗannan ginin siffa suke so, ba sassaƙa ba.

Blender ɗin da aka ce na yara ne, Ton Roosendaal ɗan ƙasar Holan ne ya ƙirƙire shi. A 2002 masu amfani da shi suka yi karo-karo na Yuro 100,000 aka 'yanta shi, ya zama kyauta ga kowa, har da mai neman kuɗi da shi. Tun fitowar 2.8 a 2019 fuskarsa ta yi sauƙin koyo. Fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin zane a 2025, da Blender aka yi shi. A ciki za ka gina siffa, ka sassaƙa, ka yi ritofo, ka ɗaura ƙashi, ka yi renda. Gaskiya ne in foligon suka yi yawa yana yin nauyi kafin ZBrush ya yi, kuma sababbin fitowarsa suna neman RAM giga 8 aƙalla. Mai tsohuwar na'ura ya je shafinsu, duk tsofaffin fitowar suna nan a ajiye, halal, ya ɗauki wadda na'urarsa za ta iya ja.

Mai kwamfutar hannu ta Android ko iPad ya duba Nomad Sculpt. Sau ɗaya ake biya, kuma batirin na'urar yana riƙe ka in an ɗauke wuta, abin da kowane mai aiki a garin nan ya san darajarsa. Maya na masu motsa hoto ne a manyan kamfanoni. Ɗalibin Jami'ar Jihar Taraba zai iya neman lasisin ɗalibai na Autodesk kyauta da shaidar karatunsa, amma na koyo ne, ba a karɓar aikin kuɗi da shi. Mudbox ba na tura kowa can yanzu. 3DCoat yana da kyau a ritofo.

Ku ma masu kawo aiki kuna da laifi. Mutum zai zo yana tambayar "da ZBrush kake yi?" alhali bai kawo awon ƙofarsa ba, bai tambayi mai injin wane irin fayil yake karɓa ba. Da kafintan nan ya miƙa tsawo da faɗi da zurfin yanka a takarda tun ranar farko, da an gano matsalar da wuri.

Aiki ne ke zaɓar manhaja. Na'urarka ce ke faɗa maka iyakarka. Kirak sata ce, kuma ɓarawon da ya fasa maka manhaja shi ne zai fasa na'urarka. Duk wanda ya ce ka kashe Defender kafin ka loda abu, tashi ka bar wurin. Ka ajiye aikinka wuri biyu, ka zare filashin in ka gama. Na sake faɗa: ka zare filashin.

Labarin yaron kuwa, baban ya mayar wa kafinta kuɗinsa. Na goge na'urar, na ƙara mata RAM, na sa mata Blender, yaron zai riƙa zuwa wurina kowace Asabar har ya sake gina ƙofofin. Iyaye, kafin ku biya wa ɗanku kuɗin koyo a ko'ina, ku sa mai cibiyar ya nuna muku lasisin manhajar da zai koyar da ita. In ya fara kame-kame, ku riƙe kuɗinku.