Kamin a sayi fili da ɗaki a daji

A shekarun nan mutanen birni suna yawan fita ƙauye neman fili. Wani garka yake so. Wani wurin aje bisashe. Wani kuma ɗaki guda yake nema a bakin daji, inda zai riƙa sauka da rani idan ya fita farautar zabi da zomo. Mai saye yakan zo da mota, ya dubi ɗakin, ya taɓa ƙofa da kwano, ya yi ciniki. Alhali ɗakin shi ne abu mafi araha a cikin cinikin. Asara takan fito daga wuri biyu da ido ba ya gani: takardar filin, da ruwan da ke ƙarƙashinsa.

Filin na wa ne?

Wanda ke noma gona ba lalle ba ne shi ke da ita. Tana yiwuwa aro ce, ko haya, ko jingina. Tana yiwuwa gado ce da ba a raba ba. Wannan na ƙarshe shi ya fi kawo shari'a. Babban wa ya sayar, ya karɓi kuɗi. Bayan shekara 3 ƙane ya dawo daga ci-rani, ko ƴar'uwa da ke aure a wani gari ta zo neman rabonta. Suna da gaskiya, domin mata ma suna da gado. Mai saye ne ke kwana ciki.

Saboda irin haka gomnati ta kafa dokar karkara a ranar 2 ga watan Maris 1993. Daga wannan doka aka samu kwamitocin filaye da ake kira Kofo. Akwai na ƙauye, akwai na ƙaramar hukuma, akwai na gunduma. Maigari ne shugaban Kofo ta ƙauye. A cikinta akwai wakilan manoma, da na makiyaya, da na mata, da na matasa, da magatakarda wanda ya iya karatu da rubutu. A gabansu ake rubuta takardar saye. Ana sa sunan mai sayarwa da na mai saye, da shaidu, da kuɗin da aka biya, da maƙwabtan filin na gabas, yamma, kudu da arewa.

Kada a rubuta takarda a zaune gindin itace. A tashi a taka iyaka da ƙafa, tare da maƙwabta duka. Inda ba a ga alama ba, a kafa dutse ko a dasa itace. Magada su zo da kansu, ko su aiko wakili da shaida. Wanda ya yi yaƙi da jahilci yana da riba a nan: shi zai karanta abin da aka rubuta kamin ya dangwala hannu.

Akwai ƙasar da ba ta sayuwa ko da nawa. Burtali da makiyaya ta jama'a ba na mutum guda ba ne. Dokar kiwo ta 2010 ta ƙara tabbatar da haka. Gandun daji na gomnati ma haka. A arewa kuma akwai iyakar noma da dokar 1961 ta shata. Bayanta ƙasar kiwo ce. Wanda ya sayi ɗaki a kan burtali, ranar da garke ya biyo hanyarsa ba shi da bakin magana. Idan filin yana kusa da gari, a je ma'aikatar magajin gari a tambaya ko an yi niyyar yanka wurin, kuma ko ana bukatar izinin gini.

Fili daban, namun daji daban

Sayen fili ba ya ba mutum namun da ke ratsa shi. Dokar farauta ta watan Afrilu 1998 ta ce sai da izini. Ma'aikatan gandun daji ke ba da shi, kuma iri-iri ne. Har mafarautan gargajiya suna da nasu. Takardar riƙe bindiga ita ma daban take. An hana farauta da guba, da sa wa daji wuta, da haska fitila da dare. Wasu dabbobi ba a taɓa su sam, kamar raƙumin dawa da jimina. A gandun Gadabeji, arewa da Dakoro, wanda aka keɓe tun 1955, an hana farauta baki ɗaya. Duk wanda ya ce ɗakinsa ya yi tsada saboda yana kusa da nama, a tambaye shi wane nama doka ta halatta a wurin.

Salanga da rijiya

Nan ne masu saye suka fi sakaci. Gida a daji yana bukatar rijiya, yana bukatar salanga. Su biyun ƙasa guda suke sha. Ƙazantar da ke cikin rami ba ta tsayawa wuri ɗaya. Tana tsiyaya a hankali. Idan ta iske ruwan ƙasa, sai ta bi shi har cikin rijiya. Ruwan yana nan garau, ba wari, ba launi, amma yana ɗauke da zawo, da atuni, da kwalara. A 2018 kwalara ta ɓulla a Madarunfa cikin watan Yuli. Ta kama mutane fiye da 3000 a ƙasar, ta kashe sama da 70. Ba ciwon wasa ba ne.

Ma'aikatan lafiya suna ba da ƙa'ida biyu. Ta farko: tsakanin salanga da rijiya a bar metir 30, wato kamar taki 40 na babban mutum. Salanga ta zama ƙasa da rijiya wajen gangare. Rijiyar maƙwabci ma tana cikin lissafi. Ta biyu: tsakanin gindin rami da ruwan ƙasa a bar kamar metir 2.

Ga lissafin. Inda ake tsarki da ruwa, mutum guda yana cika wajen litir 60 na rami a shekara. Gida mai mutum 6 zai cika litir 360. A shekara 5 ya zama litir 1800. Rami mai faɗin metir 1 da tsawon metir 1 yana ɗaukar litir 1000 a kowane metir na zurfi. Kenan ana bukatar metir 1 da santimetir 80. A ƙara santimetir 50 na sama, wanda za a cike da ƙasa ranar rufe ramin. Zurfi ya zama metir 2 da santimetir 30. A ɗora metir 2 na tsaro. Sai ruwan ƙasa ya kai zurfin metir 4 da santimetir 30 kamin a ce wurin ya yi.

A kan jigawa wannan ba wuya, ruwa yana nesa. Matsalar jigawa ita ce rushewa: rairayi ba ya riƙe kansa, sai an ɗaure ramin da bulo. Amma filayen da mutanen birni suka fi so su ne na fadama, kamar bakin Gulbin Maradi, da Korama a jahar Damagaram, da dallol. Sun fi tsada domin ruwa yana kusa. Abin da ya sa garka ta yi kyau, shi ne ya sa salanga ta zama haɗari. A irin wannan wuri ana gina rami gajere, a ɗaga shi bisa tudun ƙasa. Ko a yi ramuka 2 ƙanana: a yi aiki da guda, idan ya cika a rufe shi shekara 2 a koma ɗayan. Ko kuma a kai salanga can kan tudu, a bar rijiya a fadama da nisanta.

Wasu ɗakunan ana samunsu da ramin siminti irin na birni, wanda ake kira fos. Ɗaki 2 gare shi a ciki. Kauri yana kwantawa a na farko, ruwa ya wuce na biyu, daga nan ya faɗa wani rami inda ƙasa ke shanye shi. Mai sayarwa yakan yi alfahari da shi, ya ƙara kuɗi. A buɗe murfi a duba daga sama. Idan ana aiki da shi amma kullum ruwansa ƙasa yake, ya tsage, yana zuba. Idan ƙasar kewaye tana jiƙe tana wari, ramin shanyewa ya toshe, ko wurin laka ce. Kada kowa ya shiga ciki, iskar da ke ciki tana kashe mutum nan take. A tuna kuma fos yana cin ruwa da yawa, kuma motar kwasa ba ta cika zuwa daji ba. Ga gidan da ake ɗebo ruwa da guga, salanga mai murfi ta fi shi amfani.

Yawancin ciniki da rani ake yi, lokacin da ruwan ƙasa ya ja baya. A watan Afrilu rijiya tana iya nuna metir 6, a watan Satumba ta nuna metir 3. Awon ƙarshen damina shi ne na gaskiya. Idan mai sayarwa ba zai jira ba, a leƙa rijiya mafi kusa. Ruwa yakan bar zane a jikin bango inda ya tsaya bara. A tambayi matan da ke ja: gaba nawa igiya take sauka bayan ruwan Agusta? Gaba ɗaya ta ɗan wuce metir 1 da rabi. Idan sun ce ba ta kai gaba 3 ba, rami mai zurfi ba zai yiwu a wurin ba, kuma kuɗin ɗaga salanga ya kamata ya fita daga cikin kuɗin filin.